Daga Kakuri Zuwa Layin Kwaɗo

Tun kafin jirgina ya sauka a Mancesta ɗan ƙanwata ya gama tsara yadda kwana tarana za su kasance. Filin ƙwallo na Old Trafford ne a kan gaba, sai kantunan tsakiyar gari, sai wani gidan abinci na 'yan Pakistan da ya rantse gashinsu ya kusa kamo na Kaduna. Daren farko muna cin tuwon da ya tuƙa da garin semo, na ce masa akwai wani gari da ake kira Rochdale, can nake so ya kai ni. Ya ajiye cokali ya dube ni.

"Kawu, Rochdale kuma? Shekarata huɗu a ƙasar nan ban taɓa jin wanda ya je can yawon buɗe ido ba. Me aka ajiye maka?"

Na ce kanti zan je gani. Ya ce kantunan Mancesta sun ƙare ne? Na ce wannan ba a sayar da komai a cikinsa. Ya girgiza kai ya ci gaba da cin tuwonsa, irin girgizar da yaro ke yi wa babba in ya yanke cewa tsufa ya fara.

Dalili biyu ne suka sa ni. Na farko, shekara 11 ke nan ina ma'ajin ƙungiyar gama-kai ta wurin aikinmu, kuma duk bitar da aka kai mu sai wani jami'i ya tashi ya karanto mana "ƙa'idojin Rochdale" kamar mai biya hadda, mu kuma mu rubuta, mu karɓi kuɗin mota, mu watse. Na biyu ya fi wannan daɗewa a raina. Mahaifina, Allah ya jiƙansa, ma'aikacin masaƙa ne a Kakuri shekara ashirin da 'yan kai. An rufe masaƙar, haƙƙinsa na sallama bai fito ba har ya rasu. Ranar sadakar uku wasu dattawa shida suka yi sallama a zaure, abokan aikinsa na dare. Suka ajiye wa yayana gwangwanin madara cike da kuɗi, da wani littafin makaranta mai bango ja. Ashe suna da asusun mutuwa tun masaƙa na aiki, kuma ko da albashi ya yanke ba su daina zubi ba. Babbansu ya buɗe littafin ya nuna mana sunan Baba, wata bayan wata, babu inda ya tsallake. Ba su yi dogon bayani ba, suka yi addu'a suka tafi. Da kuɗin nan aka sayi buhun masara aka biya wa ƙanwata kuɗin makaranta, ita ce uwar wannan yaron da ke mini dariya.

Washegari da safe muka fita a ƙafa, ana yayyafin nan nasu da ba ya jiƙa ka gaba ɗaya kuma ba ya barin ka bushe. Muka fara da unguwar Ancoats. Gine-ginen jan bulo ne, hawa bakwai hawa takwas, tagogi a jere kamar haƙoran matsefi, a bakin wata hanyar ruwa da aka haƙa da hannu domin jiragen dakon kwal da auduga. An buɗe hanyar ruwan a 1804, shekarar da Shehu Usmanu ya yi hijira zuwa Gudu, wasu masaƙun ma sun girme ta da 'yan shekaru. A nan aka tara injinan kaɗi masu aiki da tururi, aka cika su da maza da mata da ƙananan yara, awa 12 zuwa 13 a yini. Yau an mayar da ginin gidajen haya masu tsada, samari suna zaune a ƙasa suna shan gahawa da karnukansu. Na tuna namu na Kakuri, inda ciyawa ta fi mutum tsawo, ƙadangaru ne masu gadi.

Abin da ya kamata mai karatu ya riƙe game da wancan zamani shi ne albashi yana tsayawa ranar da jiki ya tsaya. In inji ya cinye maka yatsu, ko ƙurar auduga ta cika maka ƙirji, wani ne zai hau gurbinka da safe. Mutanen kuma baƙi ne a garin, sun baro ƙauyuka da dangi, wasu daga Ireland. Wani rahoton gwamnati na 1842 da Edwin Chadwick ya haɗa ya nuna cewa in aka kwatanta shekarun da iyalan leburori ke mutuwa a Mancesta, matsakaicin 17 ne. Yawan mutuwar jarirai ne ya ja lissafin ƙasa haka.

Daga nan muka gangara wani ɗan fili mai ciyawa da bishiyoyi da ake kira Angel Meadow, wato dausayin mala'iku. Yaron ya ce ya sha ratsawa ta nan in zai je tasha. Bai san a kan me yake takawa ba, sai da muka karanta allon da ke wurin. Tsakanin 1788 da 1816 an binne matalauta kimanin 40,000 a wannan fili, a manyan ramuka, akwati kan akwati, ba a rufe rami sai ya cika. Babu suna, babu alama. Muka tsaya shiru, wata mata tana wucewa da keken jariri.

A nan ne na fara fahimtar abin da ban taɓa ganewa a bita ba. Mu a wurinmu sutura haƙƙin mamaci ne a kan unguwa. Ko baƙo ne ya faɗi a tasha, za a sami mai sayen likkafani, samari su haƙa kabari, makara tana jingine a masallaci ba a biyan ko sisi. A Ingila ta wancan lokaci komai kuɗi ne: akwatin gawa, ramin, mai ɗauka, mai karanta addu'a. Wanda bai bar kuɗin ba, hukuma ce za ta jefa shi irin wannan rami. Sai kuma dokoki biyu suka ƙara wa tsoron gishiri. Ta 1832 ta halatta a miƙa wa makarantun likitoci gawar matalaucin da babu wanda ya zo karɓa, a feɗe ta a koyi aiki. Ta 1834 ta ce mai ƙarfi a jika da ke neman taimakon hukuma sai ya shiga gidan gajiyayyu, inda ake raba miji da mata, a raba uwa da 'ya'ya, a sa su fasa dutse ko tsefe tsohuwar igiya. Da gangan aka munana gidan domin kada kowa ya yi sha'awarsa. Saboda haka mace za ta hana kanta shayi ta ajiye kwabo ɗaya na ƙungiyar jana'iza, har jaririn da ke goye ana sa masa suna a littafi. Daidai bakin filin nan kuma wani ƙaton gini na gilashi yake tsaye, hedikwatar kamfanin Co-op, jikan kantin da na zo nema.

Bayan azahar muka shiga gidan tarihin talakawa, People's History Museum, a bakin kogin Irwell. Abin da ya fara kama ido tutoci ne, manya kamar bangon ɗaki, na alharini, an zana hannaye biyu suna musabaha, da amya ta zuma, da mace tana miƙa wa gwauruwa jakar kuɗi a gefen kabari. Da su ake zagaya gari ranar bikin shekara, 'yan ƙungiya sun sha ado da ɗamara, masu busa a gaba. Wanda ya ga hawan 'yan sana'a da Sallah ba zai ji abin baƙo ba.

Sunan da suke kiran waɗannan ƙungiyoyi yana nufin ƙungiyar zumunci, amma a bakin talaka ƙungiyar akwati ce. Mutum 30 ko 50, masu sana'a ɗaya ko 'yan layi ɗaya, suna haɗuwa sau ɗaya a wata, kowa ya zuba 'yan kwabbansa. In ka kwanta ciwo a ba ka wajen sule goma a mako, in ka mutu a ba iyalinka abin sutura, sau da yawa fam goma. Majalisa ta amince da su a doka a 1793, kuma zuwa 1815 mutanen da ke cikinsu sun haura 900,000. Akwatin shi ne ya tsaya mini a rai. Na katako ne mai makulli uku, mabuɗi uku, a hannun mutum uku. Ba a buɗe shi sai ukun sun hallara, a gaban jama'a. Shi kansa akwatin a wurin mutum na huɗu yake kwana, mai gidan da ake taro.

Na ce wa yaron, ka ga waɗannan sun san halin ɗan Adam. Ya ce, "Kawu, ai wannan rashin yarda ne ƙarara." Na ce haka ne. Na ƙara da cewa da uwar adashen mahaifiyarsa ta yi zamani da irin wannan akwati, da yanzu ana gaisawa tsakanin gidajen biyu.

Dokokinsu ma haka suke, babu kara a ciki. Akwai tara ga wanda ya yi ashar a taro, da wanda ya zo a buge, da wanda ya ƙi raka gawar ɗan'uwa. Akwai masu zuwa duba marar lafiya, kuma dubiyar tana da fuska biyu: a gaishe ka, a kuma tabbatar ba a gan ka a bakin aiki ko a mashaya ba alhali kana cin kuɗin ciwo. Ciwon da mutum ya jawo wa kansa ta hanyar shaye-shaye ko dambe ko neman mata, babu ko kwabo. Wanda ya haura shekara arba'in da 'yan kai ba a ɗaukarsa, masu aiki mai haɗari ma ƙungiyoyi da yawa suna gudunsu. Kuma wanda ya fi kowa buƙata, leburan da yau da aiki gobe babu, shi ne ba ya iya jure zubi, in ya tsallake 'yan watanni a soke sunansa, abin da ya zuba ya bi ruwa. Wannan ɓangaren ba a zana shi a tuta ba.

Wurin taron galibi mashaya ce, don ita ce mai babban ɗaki da wutar jin ɗumi, kuma doka ce a kashe wani kaso na zubin a kan giyar mai gida a madadin haya. Wasu da abin ya dame su suka ɓalle a Salford a 1835 suka kafa tasu ta marasa sha, Rechabites. Yaron ya ce da shi ne wannan zai shiga, na ce to madalla, uwarka za ta ji daɗin labari.

Matsalar ƙananan akwatunan ita ce tsufa. Samari ne ke kafawa, shekara ashirin na farko kuɗi na taruwa, kowa na murna ana yanka a biki. Sai su tsufa tare, ciwo ya zo musu tare, sababbin samari kuma su ƙi shiga ƙungiyar tsofaffi su kafa tasu. Ranar da ka fi buƙata ranar ake buɗe makulli uku a tarar da iska. Wannan ya sa manyan ƙungiyoyi masu rassa suka rinjaya, irin Oddfellows ta Mancesta da aka kafa a 1810, da Foresters da aka kafa a Rochdale a 1834. Reshen da ya durƙushe sauran su tallafe shi. Wanda aiki ya ƙare masa a wannan gari a ba shi takardar tafiya, duk garin da ya sauka ya nemi reshe, ya faɗi kalmar sirri, ya yi musabaha irin tasu, a ba shi makwanci da guzuri. Fatakenmu na hanyar Gwanja sun san wannan tsari, su mai masauki suke da shi a kowane zango. Reshe kan ɗauki likita guda a biya shi a shekara gwargwadon yawan mutane. Daga baya sakataren Oddfellows, Henry Ratcliffe, ya tattara lissafin ciwon dubban membobi ya fitar da jadawali a 1850, wanda ya nuna nawa ya kamata ɗan shekara 20 ya zuba, nawa ɗan 35. Rassa da yawa sun yi ta gardama kafin su yarda a ƙara zubi. Na san wannan gardamar, na sha ta a taron shekara har muryata ta dishe.

Hukuma tana son ƙungiyoyin don suna rage mata nauyin matalauta, tana kuma tsoronsu, don akwatin da ke ciyar da marar lafiya yana iya ciyar da mai yajin aiki. A 1834 aka kama manoman ƙodago shida a ƙauyen Tolpuddle da suka kafa irin wannan ƙungiya don kare ladansu, aka ce sun yi rantsuwar sirri, aka yanke musu shekara bakwai a Ostareliya.

Rana ta uku muka hau jirgin ƙasa a tashar Victoria. Tafiyar ba ta kai rabin awa ba. Ta taga kana ganin bayan gidaje, da tsofaffin bututun hayaƙi nan da can, sai tuddai masu duhu suka fara bayyana. Rochdale gari ne na masaƙan ulu tun kafin auduga ta zo. Daga tasha zuwa tsakiyar gari mun wuce shagunan naman halal da mata masu hijabi suna jan yara, har na ce wa yaron in lokacin salla ya yi ba za mu sha wahala ba. Muka wuce gidan majalisar garin, gini na 1871 da ya fi kama da babban coci, muka haura wani ɗan tudu.

Layin sunansa Toad Lane. Yaron ya ce kalmar tana nufin kwaɗo, ko da yake an ce asalinta "tsohon layi" ne a karin harshen mutanen yankin. Na yi dariya ni kaɗai. Jiya akwati mai kwaɗo uku, yau Layin Kwaɗo. Ya ce bai ga abin dariya ba, na ce Hausarka ce ta fara tsatsa. Guntun layi ne da aka shimfiɗa wa duwatsu, sauran duk titin mota ya cinye. Gida mai lamba 31 na jan bulo ne, hawa uku, da tagogi biyu masu ƙullutu a gefen ƙofa. In ba a gaya maka ba za ka wuce.

Ɗakin ƙasa shi ne kantin. Faɗinsa bai fi zauren mai unguwa ba. Katako ne aka gitta kan ganguna ya zama teburin ciniki, sai sikeli, sai benci, sai ɗan teburin mai karɓar kuɗi. Wata dattijuwa da ke yi wa baƙi bayani ta tare mu, yaron yana cike mini inda Turancinta ya yi mini sauri.

Mutum 28 aka saba ƙirgawa a matsayin waɗanda suka kafa kantin, kusan rabinsu masaƙa, sauran akwai tela, da mai gyaran takalma, da kafinta. Shekarun nan na 1840 ana kiransu na yunwa. Injin ya karya masaƙan hannu, abinci ya yi tsada, ɗan abin da za ka saya kuma algus ne: alli a cikin fulawa, alif a cikin burodi, ganyen banza a cikin shayi, sikeli kuma an tauye. Ba ka da bakin magana don mai kanti yana bin ka bashi. Suka fara zubin kwabo biyu a mako, daga baya suka mai da shi taro, har suka tara fam 28. Na ji daɗin yadda lissafin ya zauna mini a Hausa ba tare da wahala ba, kwabo da taro da sisi da sule, kuɗin da kakata ta rasu tana ƙirge da su. Suka kama ɗakin a kan fam 10 a shekara. Bayan gyara da 'yan kayan aiki, abin da suka sayo na sayarwa ya tsaya fam 16 da sule 11 da kwabo 11: man shanu, sukari, fulawa, garin wani hatsi da suke kunu da shi, da kyandir dozin biyu. Kamfanin iskar gas ya ƙi ba su wuta, sai suka kunna kyandir ɗin da suka sayo don sayarwa. Daren 21 ga Disamba 1844 suka buɗe ƙofa, 'yan gari suna tsokana wai baro ɗaya ya isa ya kwashe kantin duka. Da farko dare biyu kawai suke buɗewa a mako, bayan an tashi daga aiki.

Na tambaye ta me ya sa nasu ya rayu, tunda ba su ne farko ba. Ta nuna ƙasan layin da hannu. Ta ce shekara goma kafin nan an buɗe irin wannan kanti a lamba 15, wasu daga cikin mutanen nan ma suna ciki, bai yi shekara uku ba ya mutu. Bashi ne ya kashe shi. Maƙwabcinka ne, ka san 'ya'yansa ba su ci ba, yaya za ka hana shi? Da suka dawo karo na biyu sai suka rubuta a doka: kuɗi hannu, ba bashi ga kowa, har mai tsaron kantin akwai tara a kansa in ya bayar.

Nan na nemi benci na zauna. Mu kan ce bashi hanji ne, yana cikin kowa, kuma da wannan karin maganar muka kusa binne ƙungiyarmu shekara huɗu da suka wuce. Buhunan shinkafar azumi muka raba bashi, a cire a albashi. Wanda ke sa hannu a cirewar suruki ne ga wani, wani kuma babba ne ba a iya tunkararsa, wani ya yi rantsuwa da girman Allah a gaban mutane. Ni da ke riƙe da littafi na ga ramin tun yana ƙarami, kunya ta hana ni karanta sunaye a taro. Da na karanta daga baya, bayan kusan rabin jarin ya tafi, mutum uku suka daina amsa sallamata, ɗaya har yau. Su waɗannan masaƙa ba su fi mu taurin zuciya ba, yunwar gidajen juna suna ganinta da ido. Sun dai ɗauke nauyin cewa a'a daga wuyan mutum ɗaya sun ɗora wa takarda. Mai kanti yana iya duban amininsa ya ce ba ni ba ne, doka ce, kuma kai ma da hannunka a ciki.

Ɗayar dabarar ta Charles Howarth ce, ma'aikacin masaƙar auduga, wanda da sunansa ma aka karɓi hayar ɗakin. Ana sayar da kaya a farashin kasuwa. Duk wata uku a yi lissafi, a fitar da kuɗin gudanarwa, a biya ɗan ƙayyadadden ruwa a kan jarin kowa, sauran ribar a raba gwargwadon cinikin da mutum ya yi. Mai 'ya'ya takwas da ya fi kowa sayen fulawa shi ya fi kowa samu. Ruwan da ke kan jarin malamanmu za su yi magana a kansa, amma rabon ciniki ni ban ga komai a cikinsa ba face canjinka da aka riƙe maka aka dawo maka da shi a dunƙule. Da yawa ba sa karɓa, sai su bar shi ya taru, mutumin da bai taɓa ajiye sule ba ya wayi gari da fam biyar. Dattijuwar ta ce har yau tana iya faɗin lambar mahaifiyarta ta kanti, don tun tana yarinya in an aike ta sai ta faɗe ta a gaban mai awo. Ta rufe ido ta faɗe ta kuwa, lamba biyar a jere. Ta ce da kuɗin rabon ake saya musu takalman makaranta.

A taro kuwa kowa ƙuri'a ɗaya, mai fam ɗaya da mai fam hamsin. Ba a tambayar cocin da kake zuwa ko jam'iyyarka. A 1846 wata mata, Eliza Brierley, ta biya fam ɗaya ta shiga da sunanta, a lokacin da dukiyar matar aure ta mijinta ce a doka, kuma sai 1918 mata suka fara zaɓen majalisa a ƙasar. Ƙarshen shekarar farko suna 74. A 1849 bankin ajiya na garin ya rushe, aka gano mai riƙe da shi ya daɗe yana ɗiba, mutumin da gari ke gani kamar waliyyi. Talakawa suka juyo wurin masaƙan da ke buɗe littafinsu ga kowa duk wata uku, zuwa 1850 sun kai 600. Suka karɓe benen sama suka yi ɗakin karatu da jaridu, suka ware kashi biyu da rabi cikin ɗari na riba domin ilimi. A 1863 kantuna irin wannan suka haɗu suka kafa babban dillalinsu na sari a Mancesta.

Muna hawa benen yaron ya tambaye ni ko audugar da aka saƙa a nan tamu ce. Ta wancan lokacin galibi daga jihohin kudu na ƙasar Amurka take, bayi ne suka noma ta, har da jikokin waɗanda aka kwasa daga ƙasashenmu. Da yaƙin basasar Amurka ya yanke ta daga 1861, masaƙun yankin nan suka tsaya, akwatuna da yawa suka ƙone ƙurmus. Tsoron maimaituwar haka na cikin abin da ya sa masu masaƙu suka kafa ƙungiyar noman auduga ta BCGA a Mancesta a 1902, suka sa ido a kan ƙasar Hausa, suka gina gidajen gurza a Zariya da Funtuwa. Da dogo ya iso Kano a 1911 manoman Kano suka duba farashi suka zaɓi gyaɗa. Ita kuwa gama-kai irin ta takarda ta zo mana ne ta hannun gwamnatin mulkin mallaka, bayan rahoton wani Bature, Strickland, a 1934 da dokar 1935. A nan leburori suka ƙirƙire ta gwamnati ta biyo baya, mu kuwa jami'i ne ya kawo ta da rajista a hammata, alhali muna da gayya da adashe tun kaka da kakanni. Ina jin shi ya sa har yau wasunmu ke ɗaukar kuɗin gama-kai kamar kuɗin gwamnati.

Ƙarshen akwatunan ciwo bai zo da rigima ba. A 1911 gwamnati ta kawo inshorar lafiya ta dole ga ma'aikata ta bi da ita ta hannun ƙungiyoyin, suka zama kamar akawunta. A ranar 5 ga Yuli 1948 aka buɗe tsarin lafiya na kyauta ga kowa, bikin ma a wani asibiti aka yi shi a gefen Mancesta. Daga nan babu mai buƙatar kalmar sirri kafin ya ga likita. Oddfellows da Foresters suna nan har yau, sai dai sun koma harkar ajiya da inshora da taron shan shayi na tsofaffi.

Mun yi la'asar a wani masallaci kusa da tasha, muka sayi soyayyen kifi da dankali a takarda. A jirgi yaron ya yi shiru wani lokaci, sannan ya ce su ma suna da adashe, su goma sha biyu, duk masu aikin kula da tsofaffi, 'yan Najeriya da 'yan Gana da wata 'yar Zimbabwe. Fam 200 a wata, a WhatsApp ake komai. Da ɗaukarsa ta bara ya biya mini kuɗin jirgi. Na tambaye shi a asusun wa kuɗin ke kwana. Ya ce na wata baiwar Allah, mutuniyar kirki ce ƙwarai. Na ce mutum nawa ke ganin asusun? Ya ce, "Haba Kawu." Ya juya yana kallon taga.

Ban matsa ba, don wayata ta yi ƙara a aljihu. Saƙo ne daga gida, daga mataimakin shugaban ƙungiyarmu. Bayan gaisuwa da tambayar sanyi, ya ce ƙanin matarsa, wanda bai gama biyan na bara ba, zai aurar da 'ya bayan wata biyu, ko zan yi wa Allah in sa hannu a fitar masa da wani abu kafin taro, ya san ba na ƙin jin maganarsa. Na karanta sau biyu. Na fara rubuta amsa na goge, na sake farawa na goge. Har muka shiga Victoria ban wuce "Wa alaikumus salam, ranka ya daɗe" ba, yaron ya taɓa ni ya ce, "Kawu, tashi, nan ne ƙarshen layi."